Ruwan Zafi a Kan Kujerar Sin

A zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, mutum ya tafi da baƙin gemu ya komo da fari, Alhaji Maitama ya dawo Tsiga da wata kujera ɗaure a bayan takarkari. Jama'a sun fito tarye suna sa ran dabino da zamzam, sai ga wannan abu an kwance daga cikin tabarmi an girke a ƙofar gida. Kowa ya zuba masa ido.

Abin da mutanen Tsiga suka sani da sunan kujera shi ne guntun icce da masassaƙi zai fafe, mace ta zauna a kai ta tuƙa tuwo. Wannan kuwa doguwa ce, ga hannuwa biyu, ga majingina mai lanƙwasa kamar baka, har da wurin ɗora ƙafa. Iccenta ja ne mai duhu, sumul, in ka kai hanci sai ka ji wani siririn ƙamshi kamar na fure. Nauyi kuwa ba a magana. Babu ƙusa a jikinta, babu ɗauri. Alhaji ya ce aikin mutanen Sin ne, wani tsohon attajirinsu da ya yi wa hidima a Jidda ya ba shi ita da zai koma ƙasarsu, ya kuma ce masa kujerar ta girmi kakansa. Mudi, ƙanen Alhaji, ya ƙwanƙwasa ƙafarta da yatsa, ya ce iccen ai dangin madobiya ne. Alhaji ya dube shi sheƙeƙe.

To, wannan kallon shi ne irin zaman da aka yi a gidan tun daga ranar. Mahaifinsu ya rasu Alhaji yana can, Mudi ne ya riƙe gandun gidan duk tsawon shekarun, ya san kowace kunya da kowane kututture a gonakin. Babban wa ya dawo, dole ƙane ya saki. Ya saki ɗin, amma fa da ƙyar. Alhaji ya ce a zuba auduga a nan, Mudi ya ce ƙasar nan ba ta son auduga. Alhaji ya ce a buɗe rumbu, Mudi ya ce da saura. Ba su taɓa zagin juna ba, amma daga gaisuwa sai gaisuwa. Alhaji yana bisa kujerarsa a zaure yana karɓar baƙi, a miƙe ƙyam, fuska a murtuke, Mudi yana can gefe a kan buzu.

Mai jin jiki a wannan zama ita ce Hansai, matar Mudi. Ta san abin da kowa ya sani: duk ranar da aka raba gandu, fadama da gonar bayan gari na babba ne, su sai tudun tsakuwa. 'Ya'yanta kuwa duk ƙanana ne, babu wanda ya isa ɗaga garma. Mudi shi kaɗai a kan tudun nan ba zai ciyar da su shekara ba.

Da aka gama kaka aka kai amfani gida, Alhaji ya yi shirin kai auduga Kano. Matarsa ta tafi Ƙarfi goyon ciki wurin iyayenta, gara kuma ta soma huda daɓen zaurensa. Sai ya sa aka ciccibi kujerar aka shiga da ita ɗakin Hansai, domin duk unguwar an shaida babu mai daɓe da tsabta irin nata. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Mudi, ga amanata nan. In Allah ya dawo da ni, kafin ruwan shuka, za mu zauna a kan maganar gandu."

Hansai tana bakin murhu ta ji wannan magana, ta san rabon gandu ya matso. Amma ta ce a ranta, mutumin da ya bar maka abin da ya fi so ai bai gama yanke ƙauna da kai ba. In ya dawo ya iske kujerarsa ta fi yadda ya bar ta, wata ƙila zuciyarsa ta yi sanyi.

Ta kuwa riƙe ta kamar jariri. Ta ɗora ƙafafunta a kan faifan dutse saboda gara, ta lulluɓe ta da sabon zane, ta hana yara ko leƙen ɗakin. Aka tafi lafiya har bazara ta kama, zafi ya sauko. Sai Hansai ta soma wayar gari da kurajen cizo a wuya da hannu. Ta zazzage shimfiɗa, ba ta ga komai ba. Wata safiya ta yaye zanen kujerar za ta goge ƙura, sai ga su nan jere a tsagin majingina, jajaye, sun ƙoshi. Kuɗin cizo!

Kai, da ƙasa za ta tsage a lokacin da Hansai ta shige. Ita da ake misali da ita, a ce ɗakinta ne ya zuba wa kujerar Makka kuɗin cizo? Alhaji ya dawo ya zauna gaban baƙi, abu ya cije shi, ya tambaya daga ina, a ce daga ɗakin matar Mudi? Ina! Ba ta tsaya shawara da kowa ba, don wannan ba abin shawara ba ne. Kowace mace a Tsiga ta san maganin kuɗin cizo: a fid da gado tsakar gida, a sheƙa masa tafasasshen ruwa, a bar shi rana ta gasa shi. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. Ni dai ban ga laifinta ba.

Mudi ya tafi sharar gona. Hansai ta kira Gwaggo, ƙanwar mahaifin su Alhaji da ke zaune a gidan, suka ja kujerar da nishi har gindin rumbu. Ta ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa yana tsalle, ta ɗebo da ƙwarya ta bi kowane tsagi, kowace mahaɗa, ta sheƙa. Ƙwarin suka riƙa fitowa suna faɗuwa. Ta ce, "Ku fito, 'yan banza, yau kashinku ya bushe!" Ta ƙara wata tukunyar.

Gwaggo ce ta fara lura da ruwan da ke gangarowa. Ya yi ja kamar an jiƙa karan dafi.

"La'ilaha illallahu! Hansai, jini take yi!"

"Haba Gwaggo, wane irin jini? Launin iccen ne."

Bakinta ne kawai ya faɗi haka. Ta bar kujerar a rana har azahar, sannan ta zo ta kama hannunta ɗaya za ta juya ta don ɗaya ɓarin ya sha rana. Hannun kujerar ya biyo ta. Haka nan, sulub, kamar an zare wuƙa daga kube. Tana tsaye da shi tana kallo, majinginar ta karkace ta rabu, ƙafafun suka buɗe, mazaunin ya faɗi ƙasa tim. Kafin ta rufe baki, kujerar Sin ta zama tarin itace a gindin rumbu.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. Hansai ko kuka ta kasa.

Da Mudi ya dawo ya gani, ya tuɓe hula ya tsuguna a gaban tarin. Can ya ce, "Hansai, kin kashe mu." A hankali ya faɗa, ba da faɗa ba, shi ya sa abin ya fi yi mata ciwo. Ya ɗauki guntayen ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Babu wanda ya tsage, kowane yana da ɗan harshe a bakinsa ko rami a jikinsa. Ya gwada cusa wani a cikin wani, ya ƙi shiga, don iccen ya sha ruwa ya kumbura. Ya gwada wani, shi ma haka. Ya ɗauko dutse zai buga, Hansai ta riƙe masa hannu.

"Malam, don Allah kada ka ƙara a kan wadda na yi."

Suka naɗe guntayen a tabarma suka tura ƙarƙashin gado. Abinci ya daina shiga wa Hansai. In ta dubi yaranta suna wasa sai ta ga tudun tsakuwa.

Gwaggo ce ta kawo dabara, kuma da ma ta yi shiru. Ta ce ƙwarya in ta fashe ai ɗinke ta ake yi, akushi ma haka, me zai hana a ɗinke kujera? Ranar kasuwa kuwa sai ga Jibo gyartai yana bi gida gida da jakarsa. Aka shigo da shi soro, aka sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, aka warware tabarma.

Jibo ya shafa gemu ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne. Na ɗinke turmi ma." Ƙarya yake yi, ba a ɗinke turmi, amma wanda idonsa ya raina fata ba ya musu. Ya jiƙa zaren kaba, ya ɗauki hannun kujerar ya dafe da ƙafa, ya kafa basilla ya murza. Basilla ta zame. Ya sake kafawa ya danna da ƙarfinsa duka, basilla ta lanƙwashe. Ya ce a kawo garwashi. Ya miƙe ta, ya sa a wuta har ta yi ja, ya ɗora a kan iccen. Wani hayaƙi mai ƙamshi ya tashi, ya cika soron.

Ƙamshin nan ne ya farkar da Hansai. Ta ga abin da tsohon mutumin Sin ya gada daga kakansa, ya tsallake teku da hamada lafiya, ga shi a ƙarƙashin ƙafar gyartai ana ƙona shi a gidanta. Ta yi wuf ta fizge iccen.

"Bari, Jibo! Bari haka nan. Gara ya same ta a warwatse da ya same ta a huje."

Jibo ya tattara kayansa yana gunaguni, wai wannan ba icce ba ne, ƙarfe ne ya yi shigar icce. Ya bar ɗan baƙin tabo kamar ƙwayar gero a daidai inda mai zama ke ɗora hannu. Rantsuwarsa kuwa ba ta kai ƙarshen layin ba. Mutumin da sana'arsa shiga gidaje ce, ina za ka ba shi ajiyar magana? Kafin kasuwa ta sake zagayowa, labari ya kai Ƙarfi cewa kujerar Alhaji Maitama ta yi aman jini, ta yi ƙara, ta tarwatse, aljanin da ke cikinta ya tashi ya nufi gabas.

A Ƙarfin Alhaji ya ji, da ya biya duba matarsa a hanyar dawowa.

Ya iso Tsiga da hantsi, hadari ya soma haɗuwa a gabas. Aka sauke jakuna, aka yi masa sannu da zuwa, ya sha fura, ya tambayi lafiyar kowa. Bai ce komai game da kujera ba, wannan shirun kuwa ya fi duka. Sai da aka yi la'asar ya sa aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, ya ce, "Mudi, a kawo mini amanata."

Mudi ya fito da naɗin tabarmar a kafaɗa, ya ajiye a gabansa ya warware. Hansai tana bayan zana, tana leƙe ta tsakanin kara. Ta ji mijinta ya ce, "Yaya, ni ka bar wa, a hannuna ta lalace. Duk abin da ka yanke daidai ne."

Allah sarki Mudi. Mutumin da bai taɓa sunkuyar wa wansa da kai a kan maganar gona ba, yau ga shi ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Hansai ta ji ba za ta iya ba. Ta ja mayafi ta fito, ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa.

"Alhaji, ba shi ba ne. Yana gona. Ni na zuba mata ruwan zafi."

"Ruwan zafi? Don me?"

Nan fa ake yinta. Yaya mace za ta dubi wan mijinta ta ambaci ƙazantar ɗakinta? Ta ƙara sunkuyar da kai ta ce, "Kuɗin cizo na gani a jikinta. Na ji kunyar ka dawo ka iske na ɓata maka ita da su."

Alhaji ya dubi tarin itacen. Ya ɗauki wani guntu ya leƙa ramin da ke jikinsa, ya busa, ya sake leƙawa.

"Kuɗin cizo kika ce?"

"I, Alhaji."

"Sun mutu?"

Hansai ta ɗago kai kaɗan, ba ta gane tambayar ba. "Sun mutu, Alhaji."

"Duka?"

"Ban bar ko ɗaya ba."

Sai kafaɗun Alhaji suka soma rawa. Mudi ya zaci kuka zai yi. Ashe dariya ce, irin wadda ta daɗe a tsare, ta ɓalle har da tari, har rawaninsa ya zame. Gwaggo ta fito da gudu tana salati, tana tsammanin aljanin ne ya dawo.

Da ya samu numfashi ya goge ido ya ce, "Hansai, Allah ya yi miki albarka. Ai ba naki ba ne, nawa ne! Tun daga wani masauki a Barno suka shiga kayana. Ina zaune a kanta baƙi na kwasar gaisuwa, ana cina ta ƙasa, ba damar susa. Yaya Alhajin da ya dawo daga Makka zai sa hannu a wando gaban mutane? Sai in daure in cije baki. Ku kuma kuna can kuna cewa na murtuke fuska!"

Mudi ya saki baki. "To, Yaya, kujerar fa? Ga ta a warwatse."

"Kai ma dai! Kana tsammani a zaune raƙumi ya goyo ta daga Jidda? A buhun fata ta zo, guntu guntu kamar haka. Haka mutanen Sin suke yinta, kowane harshe da bakinsa, in za a yi tafiya a zare, in an sauka a mayar. A Ƙarfi na haɗa ta na liƙe da ƙaro, don kada in shigo garinmu da buhun itace a ce abin da na samo ke nan. Ƙaron ne ruwan zafi ya narkar."

Wani sanyin daɗi ya ratsa Hansai tun daga ka har ƙafa. Amma sanyin bai kai ga zama ba, don Alhaji ya ɗauko hannun kujerar, babban yatsansa ya sauka a kan tabon. Dariyar ta ɗauke.

"Wannan fa?"

"Gyartai muka kira," in ji Mudi. "Hansai ce ta hana shi ƙarasawa."

Alhaji ya daɗe yana murza wurin da yatsa. Ya ce, "Tsohon nan a nan yake ɗora hannunsa in yana lazimi." Ya sake murzawa. "Wannan kam ba ya fita." Hansai ta ji zafin maganar har cikin ranta, ta kuma san gaskiya ce. Can ya yi ajiyar zuciya ya ajiye iccen a gefe.

"To, ya riga ya faru. Mudi, matso. Ba ta haɗuwa da mutum ɗaya, ko a Ƙarfi sai da surukina ya riƙe mini."

Ya sauko daga buzu ya zauna a tabarmar, Mudi ya matso suka sa guntayen a tsakiya. Iccen ya daɗe da bushewa a ƙarƙashin gado, harshen farko ya shige raminsa da ɗan bugun tafin hannu. Sai dai Alhaji ya manta wanne ke bin wanne. Suka kafa ƙafafun gaba a baya, abu ya tsaya a karkace kamar jaki mai ɗingishi.

"Yaya, wannan ta baya ce, dubi tsawonta."

"Kai ka je Jidda ko ni?"

"Kai ka je, amma dubi tsawonta."

Alhaji ya duba, ya yi tsaki, suka zare suka sake. Suka yi musu a kan majingina, suka yi musu a kan matakin ƙafa, Alhaji ya matse yatsa ya yarfe hannu, Mudi ya ƙyalƙyale da dariya, wansa ya kai masa duka da hula. Gwaggo ta ce rabonta da ganinsu haka tun suna satar gyaɗa a gonar ubansu. Rana ta yi sanyi, iska ta soma kawo ƙamshin ruwa daga nesa, sannan guntu na ƙarshe ya shiga. Kujerar ta tsaya da ƙafafunta a tsakar gida, ja, sumul, ba ko girgiza.

Hansai ta koma bakin murhu, amma kunnenta na wurinsu, don kujera ta tashi, maganar gandu kuwa tana nan.

Alhaji bai hau kujerar ba. Yana nan a tabarma ya miƙe ƙafa, yana kallon gabas. Ya ce, "Hadarin nan ba zai daɗe bai sauka ba." Ya juyo wajen Mudi. "Fadamar nan, me kake ganin za mu zuba mata bana?"

Mudi ya dube shi, ya ga da gaske yake tambaya. Ya ce, "Dawa, Yaya. Audugar mu kai ta gonar bayan gari, can ta fi so."

"To, dawa. Gobe ka buɗe rumbu ka fid da iri, kai ka san wanda ya fi."

Muciya ta tsaya a hannun Hansai. Za mu zuba, ya ce. Ta maimaita a ranta don ta tabbata ba kunnenta ne ya ƙara ba. Ta zauna daɓas a ƙasa, hawayen da suka ƙi zuwa ranar da kujera ta zube suka zo yanzu, ga daɗi ga gajiya. Gwaggo ta dungure ta ta ce, "Ke, tashi, tuwo zai kama."

Ta tashi ta share fuska da bakin zane. Ta jawo akushi biyu da ta saba jerawa, na Alhaji daban na Mudi daban, ta tsaya tana dubansu. Sai ta mayar da su, ta ɗauko babban na marigayi mahaifinsu daga kan ragaya, ta wanke shi, ta kwashe tuwon mutum biyu a ciki.